Kifin Da Ke Yawo A Tudu: Mu San Zuriyar Periophthalmus

Tun muna firamare aka koya mana cewa kifi ba ya rayuwa sai a ruwa. To amma a gaɓar teku akwai wani ƙaramin kifi da ke fitowa kan taɓo, yana jan jiki da fukafukansa na ƙirji, har ya ɗare saiwar bishiya. Turawa na kiransa mudskipper, wato mai tsalle a taɓo.

Yana cikin kifayen gobi, waɗanda nau'o'insu suka haura 2,000 a duniya. Masana kan raba halittu daki-daki: dangi, sai zuriya, sai nau'i. Kowane nau'i na da suna biyu, na farko na zuriya, na biyu nasa na kansa. Zuriyar da muke magana a kai ita ce Periophthalmus, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "kewaye" da "ido", saboda idanunsa a saman kai suke, yana hangen ko'ina.

Sunan ma yana da tarihi. A 1766, Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya kira nau'in Afirka ta Yamma Gobius barbarus. A 1801 sai Jamusawa biyu, Bloch da Schneider, suka kafa zuriyar Periophthalmus, shi ya sa yau ake ce masa Periophthalmus barbarus. An daɗe ana lissafa zuriyar a dangin Gobiidae, amma binciken ƙwayoyin gado ya sa masana da dama suka mayar da ita dangin Oxudercidae.

Nau'o'in zuriyar sun kusa 20. Barbarus ne kaɗai ke gaɓar Tekun Atilantika, daga Senegal zuwa Angola, har da yankin Neja Delta. Sauran suna Tekun Indiya da Fasifik. Akwai modestus a Japan da Koriya da Sin, ga argentilineatus mai zanen azurfa a gefen jiki, wanda ake samu tun daga Gabashin Afirka har tsibiran Fasifik. Ana bambanta su ta ƙirga ƙayoyin fiffiken baya, da duba launi, da lura ko fukafukan ciki a haɗe suke ko a rabe.

Ta yaya yake numfashi a tudu? Mun san gaiwa da ke kwana cikin laka da rani, amma ita huhu gare ta. Wannan kuwa ba shi da huhu. Ta fata da fatar cikin baki da maƙogwaro yake shan iska, muddin jikinsa na da danshi, don haka yake yawan birgima a taɓo. A nau'in modestus, namiji kan guntso iska a baki ya kai cikin ramin da ƙwai suke, don kada su shaƙe.

Rayuwarsa ta dogara ne da kurmin mangurof na bakin teku. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda malalar ɗanyen mai ta lalata irin wannan kurmi. Kifin da ke numfashi ta fata kuwa, taɓo mai gurɓata guba ne gare shi, ga kuma mutanen yankin da ke cin sa. Nan ne amfanin rarrabewa yake: sai an san nau'i da inda yake zaune kafin a gane yana raguwa, balle a kare shi.