Labarin Ƙasar Tundura, Inda Ake Gina Rijiya Ba A Cim Ma Ruwa

A cikin shekara ta 1828 wani ɗan kasuwa mutumin Rasha, ana ce da shi Shargin, ya tasam ma gina rijiya a gidansa a birnin Yakutsk, can gabashin Saibiriya. Magina suka kama aiki, aka yi gaba goma ba ruwa, aka yi ashirin ba ruwa, sai dai ƙasa daskararriya mai tauri kamar dutse. Shekara tara ana fama, har 1837, sa'ad da zurfin ramin ya wuce ƙafa 380, watau gaba 60 da 'yan kai, sa'an nan aka haƙura. Shargin bai sha ruwan rijiyarsa ba, amma masu ilmi sun ci ribar wahalarsa, gama a 1844 wani masani mai suna Middendorff ya zura ma'aunin zafi a ciki, ya tabbatar tun daga baki har gindi ƙasar a daskare take. Kafin wannan, masana da yawa a Turai ba su yarda akwai irin wannan abu ba.

Mun kawo wannan labari ne don mu shiga zancen ƙasar da ake kira Tundura. Shi Yakutsk a cikin kurmi yake. In aka ci gaba da tafiya arewa, itatuwa su yi ta gajarta, su yi ta raguwa, har su ƙare sarai, sai fili fetal har bakin tekun ƙanƙara. Wannan fili shi ne Tundura, ya kewaye ƙuryar arewacin duniya ta Rasha da Alaska da Kanada da gefen Girinlan. Littattafan labarin ƙasa sun saba ba da labarin sanyinsa da dabbobinsa, amma ita ƙasar da ake takawa ba su cika kula da ita ba, alhali kuwa a ganinmu nan abin mamakin yake.

Duk halin ƙasar Tundura abu guda ke juya shi, watau wannan daskararriyar ƙasa ta ƙarƙashi. Ƙa'idar masana ita ce, ƙasar da ta shekara biyu a jere ba ta narke ba, ita ake sa wa cikin wannan lissafi, amma yawancinta ta yi dubban shekaru haka. A Prudhoe Bay ta Alaska kaurinta ya kai ƙafa 2,000, a wani sashe na Saibiriya kuwa ya kusa mil guda. In bazararsu ta zo, wata biyu ko uku ke nan, rana ta yi makonni ba ta fāɗi ba, sai 'yar fatar bisa ta narke, ƙafa ɗaya zuwa uku. Da sanyi ya komo ta sāke daskarewa. A cikin wannan 'yar fata kaɗai saiwa ke iya ratsawa, shi ya sa babban itace ba shi da wurin kafa gindi.

Ruwan da ke sauka a yawancin Tundura, har da dusar ƙanƙara, bai kai inci 10 a shekara ba, kamar dai na bakin hamada. Duk da haka wanda ya je da bazara fadama zai tarar, da taɓo, da tafkuna ba iyaka, da sauro kamar hayaƙi. Dalili kuwa, ruwan ba shi da hanyar nutsewa, don ƙanƙarar ƙarƙashi ta tare shi kamar daɓe, rana kuma ba ta da ƙarfin da za ta shanye shi. Sai ya kwanta cikin ƙasa ya kori iska. Wanda ya sa fartanya ya tona, da fari zai sami baƙin tarin gansakuka da ciyawa waɗanda ba su gama ruɓa ba, ƙarƙashinsa kuwa laka mai launin toka, har da shuɗi-shuɗi. Wannan launi na ƙarfen da ke cikin ƙasa ne. Ƙarfe in ya sami iska sai ya yi tsatsa, ƙasa ta yi ja, in kuwa ruwa ya rufe shi ya hana shi iska sai jan ya gushe. Inda iska ta ɗan kurɗa ta bin saiwa, sai a ga ɗigo-ɗigon tsatsa cikin lakar.

Ba wanda ke noman Tundura, amma ƙasarta tana shan huɗa, sanyi ne manominta. Ruwa in ya daskare yakan ƙaru da kashi 9 cikin 100. Malamin da ke da firiji kusa yana iya nuna wa yara wannan da kwalbar roba cike da ruwa, a toshe ta da maraice, da safe a tarar ta kumbura. To, haka ƙasa ke kumbura kowane sanyi, ta lotsa kowace bazara, tana tura duwatsu sama, tana cusa baƙar ƙasar bisa can ƙasa. A tsibirin Svalbard akwai wuraren da tsakuwa ta jeru zobe-zobe, laka a tsakiya, sai ka rantse mutum ne ya shirya. In sanyi ya tsananta kuma ƙasa ta tsage, ruwan bazara ya gangara cikin tsagar ya daskare, baɗi ta sāke tsagewa a nan, har ƙanƙarar ta zama katuwar tsinka a tsaye cikin ƙasa. Mai duba daga jirgin sama sai ya ga filin ya rarrabu gida-gida kamar bayan kunkuru. Wani wuri ma ƙanƙara kan ɗaga ƙasa ta yi tudu, mutanen wurin suna kiransa pingo. Wajen Tuktoyaktuk a Kanada akwai irinsu kamar 1,350, wanda ya fi su duka tsawo ya kai ƙafa 160.

Sai maganar abin da ke cikin ƙasar. A ƙasa mai zafi ganye ya fāɗi, gara da tana da ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani su taru su cinye shi, kafin shekara ta kewayo ya zama taki. A Tundura babu gara, tana kaɗan ce, ƙwayoyin nan kuwa sanyi da rashin iska sun ɗaure musu hannu. Saboda haka abin da ya mutu sai ya taru bisa na bara, na bara bisa na bariya. Wannan tari shi ke sa ƙasar tsami. Masana suna da ma'auni wanda 7 ne tsakiyarsa, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kuwa halin kanwa, to, yawancin jiƙaƙƙiyar Tundura tsakanin 4 da 5 da rabi take. Amma ba duka ba. Inda akwai dutsen farar ƙasa, ko ƙurarsa da iska ta kwaso daga bakin kogi, tsamin yakan mutu, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Can ƙuryar arewa kuma, inda fari ya fi tsanani, har gishiri kan fito bisa ƙasa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ƙasa ce cike da abincin tsiro, amma tsiro na cikin yunwa. Naitirojin da fosfaras, waɗanda manomi ke saye a buhun takin zamani, suna nan jibge cikin matattun ganyaye, amma a kulle, tun da ba su ruɓa ba. Shi ya sa duk inda aka ga wuri kore shar, in an duba sai a tarar gindin dutsen da tsuntsayen teku ke sheƙa ne, ko bakin ramin yanyawa, ko inda wata dabba ta mutu. A Toolik ta Alaska masana sun yi shekara 20 suna zuba takin zamani a wasu 'yan filaye, tun daga 1981. Tsire-tsire suka yi girma ninki biyu, amma da aka tona aka auna, sai aka ga abin da ƙasa ta yi hasara a ƙarƙashi ya fi abin da ta ƙaru da shi a bisa, gama takin ya ta da ƙwayoyin nan, sun shiga cin tsohuwar ajiya.

Ajiyar kuwa ba ƙarama ba ce. An ƙiyasta kabon da ke kwance cikin ƙasashen ƙanƙarar nan ya kai tan biliyan 1,500, watau kusan ninki biyu na wanda ke cikin iskar duniya duka. Ƙanƙara ba ta zaɓen abin da za ta adana. A 2007 wani makiyayi a Yamal ya tsinci gawar 'yar giwa mai gashi, irin ta zamanin da, wadda ta shekara kamar 42,000, da fatarta da haurenta na yarinta. A 2016 kuma, a wannan Yamal ɗin, aka yi bazara mai zafi ƙwarai, cutar saifa ta ɓarke, ta kashe barewar kiwo fiye da 2,000 da yaro guda, masana da yawa suna ganin daga tsohon mushe da ya narke ta fito.

Masu gini sun daɗe da sanin sharrin narkewar nan. Ɗakin da aka ɗora kai tsaye bisa ƙasa, ɗuminsa kan narkar da ƙanƙarar ƙarƙashi, harsashi ya nutse, bango ya tsage. Don haka manyan gidajen Yakutsk bisa ginshiƙai suke, iska na wucewa ta ƙarƙashi. Bututun mai na Alaska, mai tsawon mil 800, wanda aka gama a 1977, fiye da rabinsa a ɗage yake bisa dirkoki saboda wannan dalili.

Amma ginshiƙi gida ɗaya yake tsarewa. Tun daga 1979 ƙuryar arewa tana ɗumama kusan ninki huɗu bisa sauran duniya, fatar da ke narkewa tana ƙara zurfi, tsohuwar ajiya ta soma ruɓa. Inda ƙasa ta bushe iskar kabon ke fita, inda ruwa ya kwanta kuwa iskar mitan, wadda ta fi ta riƙe zafi nesa ba kusa ba, su biyun kuwa su ne ke ƙara ɗumamar. Gansakukan da ke rufe ƙasa kamar bargo, in ya bushe wuta yake ci. A 2007 gobara ta cinye murabba'in mil 400 wajen kogin Anaktuvuk a Alaska, ta saki kabon tan miliyan 2. A watan Disamba na 2024 hukumar Amurka mai lura da teku da yanayi ta ba da rahoto cewa, in an haɗa da gobara, Tundura, wadda ta yi dubban shekaru tana haɗiye kabon, yanzu abin da take fitarwa ya fi abin da take haɗiya.