Ina Gwangwani Yake Zuwa Bayan Mun Jefar Da Shi?

Ƴan uwana ɗalibai, malamanmu da iyayenmu, a cikin littafinmu na bana na zaɓi in yi bayani a kan wani abu da babu gidan da ba ya shiga, kuma babu mai kula da shi, wato gwangwani. Na tumatir ne, na madara ne, na kifi ne, ko na fenti, da zarar an juye abin da ke ciki sai a wurga shi juji. To amma gwangwanin nan ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana da wata baiwa da leda ba ta da ita: ana iya narka shi a sake ƙera shi, a sake narka shi a sake ƙera shi, ba tare da ya rasa ƙarfinsa ba. Dukanmu mun karanta Suratul Hadid, sura ta 57, wadda aka sa wa sunan ƙarfe. Abin da aka ba wa wannan matsayi ya kamata mu san yadda ake samunsa da yadda ake asararsa.

Da me ake yin gwangwani?

Jikin gwangwanin abinci fallen ƙarfe ne siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Da ƙarfen kaɗai ne, da tumatir ya cinye shi da tsatsa cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ake shafe shi ciki da waje da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos da kuma duwatsun Abzin. Kuzar ba ta da yawa, ko kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin gwangwanin ba ta kai ba, amma ita ke tsare shi. Sau da yawa ana ƙara wani shafi mai ruwan zinariya ko fari daga ciki, domin kada tsamin abinci ya taɓa ƙarfen.

Dabarar adana abinci ta wannan hanya ta faro ne daga Faransa. Wani mutum mai suna Nicolas Appert ya gano cewa idan aka rufe abinci ruf a cikin kwalba aka dafa shi a tafasasshen ruwa, zai daɗe bai lalace ba, kuma ya wallafa bayaninsa a shekarar 1810. A wannan shekarar ce Peter Durand ya sami takardar mallakar dabarar yin haka da gwangwani a Ingila, kuma a 1813 aka buɗe masana'antar abincin gwangwani a Landan. Abin dariya, sai bayan shekara arba'in da wani abu aka ƙirƙiro mabuɗin gwangwani. Kafin nan da guduma da kurfi ake fasa shi.

A kula, ba kowane gwangwani ne na ƙarfe ba. Yawancin na lemo alminiyom ne, wato sanholo. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kara masa maganaɗisu, ko da wanda ake cirowa daga tsohuwar rediyo ne. In ya manne, ƙarfe ne. In bai manne ba, sanholo ne. Kowane da kasuwarsa da farashinsa, don haka ba a haɗa su buhu ɗaya.

Wahalar da ake sha kafin a sami ƙarfe

Ƙarfe ba ya fitowa daga ƙasa a matsayin ƙarfe. Abin da ake haƙowa shi ne tama, wato ƙarfe da ya haɗe da iskar oksijin ya zama kamar jan dutse. Aikin masana'anta shi ne raba su. Ana zuba tamar cikin wani dogon tanderu tare da toyayyen kwal, wato gawayin ƙasa, da dutsen farar ƙasa irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, a hura iska mai zafi. Gawayin ya ƙwace oksijin ɗin ya fita da shi sama a matsayin hayaƙin kabon, farar ƙasar ta kwashe dattin, narkakken ƙarfe ya gangaro ƙasa.

Kakanninmu sun san wannan aiki tun kafin zuwan Turawa. Maƙeran baƙi suna gina tanderun laka, su ƙona itace mai yawa su yi gawayi, su kwana suna narka tama kafin su sami abin ƙera hauya da gatari. A dutsen Termit da ke gabashin Nijar masu bincike sun tono wuraren aikin ƙarfe da ke cikin mafiya daɗewa a Afirka. Sana'ar narka tama ta mutu a ƙarnin da ya wuce saboda tsofaffin ƙarafan mota da na jirgin ƙasa sun yawaita, maƙeri ya ga sarrafa tsohon ƙarfe ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan maƙeranmu sun riga sun gane lissafin da manyan masana'antu ke yi yau.

Ga lissafin. Duniya tana yin ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabinsa a ƙasar Sin. A matsakaici, kowane tan ɗaya na ƙarfe yana fitar da hayaƙin kabon kusan tan biyu, kuma masana'antun ƙarfe ne ke da alhakin kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na wannan hayaƙi da ke ɗumama duniya. Mu mazauna bakin hamada ba sai an ba mu labarin zafi da rikicewar damina ba. Amma idan aka narka tsohon ƙarfe tan ɗaya maimakon a fara daga tama, an tsira da tama kimanin tan 1.4, da kwal kilo 740, da farar ƙasa kilo 120, an kuma rage hayaƙi kimanin tan ɗaya da rabi. Makamashin da ake ƙonawa ma bai kai rabi ba.

Yanzu sai mu fahimci mene ne tsatsa. Tsatsa ita ce ƙarfe yana sake haɗewa da oksijin, wato yana komawa tama kamar yadda yake tun farko. Saboda haka gwangwanin da aka bari a juji damina ta dake shi har ya zama jan gari, duk kwal ɗin da aka ƙona da wahalar da aka sha wurin fitar da shi sun tafi a banza. Wannan ita ce asarar da ba ma gani.

Mene ne tattalin arziki mai zagayawa?

Tsarin da aka saba shi ne miƙaƙƙiyar hanya: a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a jefar. Tattalin arziki mai zagayawa kuwa yana nufin a lanƙwasa hanyar ta zama da'ira, ƙarshen wani abu ya zama farkon wani. Manomi ya san wannan: karan gero ya zama abincin dabba, kashin dabba ya zama taki, taki ya koma gona.

Zagayen gwangwani yana da matakai. Daga gida ya je hannun masu tsintar ƙarafa, waɗanda ake ce wa ƴan gwangwan ko ƴan jari-bola. Su kai wa dillali ya auna a sikeli ya biya su. Dillali ya ware baƙin ƙarfe daban, sanholo daban, jan ƙarfe daban, ya tara har ya isa lodin babbar mota. A masana'anta ana matse gwangwanayen su zama dunƙule, a zuba su a tanderun lantarki mai zafin da ya kai wajen digiri 1,600. Fenti da takarda su ƙone, datti ya taso sama a kwashe, ƙarfen ya fito sabo. A yankinmu na Afirka ta Yamma irin waɗannan masana'antu suna nan a Tema ta ƙasar Gana da kewayen Legas a Najeriya, kuma yawanci rodin gini suke yi. Wato gwangwanin madarar da aka sha shayi da ita yana iya zama rodi a ginshiƙin wani aji. Tsohon ƙarfe yana da daraja har ta kai Gana ta hana fitar da shi waje a shekarar 2013, domin masana'antunta su samu.

A ƙasashen Tarayyar Turai, cikin kowane gwangwani goma na ƙarfe kimanin takwas suna komawa tanderu. Babban abin da ya taimaka musu shi ne maganaɗisun nan: ana rataya ƙato a saman bel ɗin da shara ke wucewa, ya zuƙe duk wani ƙarfe ba tare da an sa hannu ba.

Sai dai kada mu ɗauka abin ba shi da iyaka. Narkawa tana cin wutar lantarki, jigila tana cin mai. Idan jan ƙarfe ya cakuɗe da baƙi a tanderu, fitar da shi yana da wuya ƙwarai, kuma yana sa ƙarfen ya riƙa tsagewa wurin sarrafawa. Shi ya sa warewa tun daga farko take da muhimmanci. Sannan tsohon ƙarfen da ake samu bai isa buƙatar duniya ba, domin mai yawa yana nan daure cikin gidaje da gadoji na shekaru masu yawa. Har yanzu mafi yawan sabon ƙarfe daga tama yake fitowa.

Abin da muka iya da abin da ya rage mana

Wajen sake amfani da abu kafin a narka shi, mu ba baya ba ne. Gwangwanin tumatir ya zama ma'auni a kasuwa. Da shi ake yin fitilar aci-balbal, da mazurari, da magogin kuɓewa ko rogo, da motar wasan yara. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai zai ga yadda ake fasa tano, wanda wasu ke kira duro, a mayar da shi akwati, murhu, kaskon suya ko ƙyauren ɗaki. Wannan ya ma fi narkawa, tunda ba a ƙona makamashi mai yawa ba.

Inda zagayen namu ya tsinke shi ne wurin ƙananan gwangwanaye. Dalili kuwa nauyi ne. Gwangwanin da ke ɗaukar giram 400 na abinci, in babu komai ciki, nauyinsa kimanin giram 50 ne. Sai ka tara wajen ashirin kafin ka sami kilo ɗaya. Yaron da ke yawo da buhu zai fi son guntun ƙarfen mota guda ɗaya a kan ya cika buhunsa da abin da ba shi da nauyi, ga wari, ga kaifi. Don haka manyan ƙarafa suna tafiya, ƙananan suna zama a lungu da magudanar ruwa. Da damina ruwa ya kwanta a cikinsu sauro ya yi ƙwai. Yara marasa takalmi su taka su yanke, kuma ta irin wannan rauni mai datti ne ƙwayar cutar tetanus, mai sarƙe haƙora, take shiga jiki daga ƙasa.

Akwai kuma wani sabon al'amari: tumatir da madara na ƴar leda suna maye gurbin na gwangwani saboda arha. Gaskiya ne sun fi sauƙin kuɗi, kuma ba a zargin mai saye. Amma ledar nan fallaye ne daban-daban da aka manne, babu dillalin da zai saye ta, ƙarshenta juji ko cikin akuya. Gwangwani ko ba komai yana da mai saye.

Me za mu iya yi?

Maganin rashin nauyi shi ne tarawa, domin da yayyafi kogi kan cika. Mu ɗauka makaranta tana da ɗalibai 200, kowa ya kawo gwangwani biyu irin wancan a mako. Gwangwani 400 ke nan, wato kilo 20. A shekara ya kai wajen tan ɗaya. Abin da dillali ba zai sunkuya ya ɗauka ɗaya-ɗaya ba, in ya zama tan shi zai zo da amalanke har ƙofa. Kuɗin ko alli da tabarma suka saya, an ci riba, unguwa kuma ta yi tsabta.

Ga ƙa'idojin da ya kamata a kiyaye:

1. A ɗauraye gwangwani da ragowar ruwan wanke-wanke, a tura murfin ciki, a taka bakinsa da takalmi ko a buga da dutse ya baje. Ya rage cin wuri, kaifin ya ɓuya, ruwa ba zai kwanta ba.

2. A ajiye a buhu inda ruwan sama ba ya taɓawa, kada tsatsa ta cinye kafin a sayar.

3. A ware na ƙarfe da na sanholo da maganaɗisu.

4. Gwangwanin feshin maganin sauro ko na turare kada a huda shi, kada a jefa shi wuta, domin yana fashewa. A tabbata ya ƙare sarai, a ajiye shi gefe.

5. Tano ko gwangwanin da aka taɓa zuba maganin ƙwari, fenti ko man inji, kada a zuba ruwan sha ko abinci a cikinsa ko an wanke. Wannan wurinsa wajen dillali.

6. Gwangwanin abinci da ya kumbura ko yake yoyo tun ba a buɗe ba, kada a ci abin da ke ciki, yana iya zama guba.

Sai kuma magana biyu a kan masu wannan sana'a, waɗanda da yawansu sa'o'inmu ne, wasu ma ƴan uwanmu almajirai. Ta farko, kada mu raina su, domin ba don su ba da babu ƙarfen da zai koma tanderu. Su ma su sa takalmi mai rufi da safar hannu, in sun yanke su wanke da sabulu su je asibiti. Ta biyu, tsinta daban, sata daban. Cire murfin kwalbati, ko wayar lantarki, ko ƙarfen gidan mutane da sunan jari-bola haramun ne, kuma dillalin da ya saya yana sane shi ma yana da nasa kason.

Malamanmu sun koya mana cewa almubazzaranci ba a abinci da kuɗi kaɗai yake ba, har a ruwan alwala ana hana shi. To ƙarfen da aka haƙo daga ƙasa mai nisa, aka ƙona kwal aka narka, aka ɗauko a jirgin ruwa har ya iso ɗakin girkinmu, bai dace ya ƙare a kwata ba bayan amfanin yini ɗaya. Ina roƙon shugabannin ɗalibai su nemi izinin malamai a ajiye buhu biyu a bakin ƙofar makaranta daga farkon zango mai zuwa, ɗaya na ƙarfe, ɗaya na sanholo, mu ga abin da za mu tara kafin littafin baɗi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu yi aiki da shi. Wassalamu alaikum.