Lissafin da gidan caca ya riga ka yi

Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Miyami ko Basalona, gari ne guda a kan teku. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya kwasar fasinja fiye da 7,000. A cikin irin waɗannan jirage akwai gidajen abinci, da wuraren iyo, da shaguna, kuma kusan ko da yaushe akwai zauren caca. Sabon shiga yakan sha shawarwari: ka ware kuɗin da za ka iya asara, ka fara da ƙaramin tebur, ka koyi ƙa'idar wasa, ka tashi in ka ci. Ba ƙarya a ciki. Sai dai ba kasafai ake gaya masa abin da ya fi muhimmanci ba, wato an gama lissafin ribar gidan tun kafin ya ja kujera.

Parakou ta ƙasar Benin tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, kuma matashin unguwar Kpébié ko ta Zongo ba ya shirin hawa irin wannan jirgi. Amma lissafin da ke cin Baturen da ke tsakiyar teku shi ne ke cin ɗan zemijan, wato mai haya da babur, da ke cika tikitin cacar ƙwallo a wayarsa a bakin kasuwar Arzeke.

A ɗauki rulet, faifan nan mai juyawa da ake jefa wa 'yar ƙwallo. Na Turai yana da ramuka 37, daga 0 zuwa 36. In ka zuba jika ɗaya, wato sefa 1,000, a kan lamba guda ka dace, za a ba ka jika 35 a haɗa maka da jikarka. Yanzu ka ƙaddara ka zuba jika ɗaya a kan kowace lamba, dukansu. Ka kashe jika 37, dole ɗaya ta fito, ka karɓi 36. Jika guda ta tafi, alhali ka ci! Wannan ita ce ribar gida, kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka aza a tebur. Rulet ɗin Amurka yana da ƙarin rami mai sifiri biyu, ramukansa 38, ribar gida ta haura zuwa kashi 5.26. Babu maguɗi, babu hannu a ƙarƙashin tebur. Mai gidan caca bai da buƙatar ya cuce ka a ɓoye. Abin da yake so kawai ka daɗe kana zubawa.

Shi ya sa aka tsara jirgin yadda aka tsara shi. Ba sai ka zaro tsabar kuɗi ba, katin ɗakinka ya isa, bashin ya hau kan lissafinka sai ranar sauka. Wanda ya yi caca da yawa ana iya ba shi abin sha kyauta, har ma da ɗaki kyauta a tafiya ta gaba, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma ko a jirgi akwai birki. Galibi ana rufe zauren in an tsaya a tasha, ba a buɗewa sai jirgi ya fita daga ruwan ƙasa, wanda iyakarsa mil 12 ce ta teku, kimanin kilomita 22. Bayan mako guda tafiya ta ƙare, kowa ya koma gida.

Wayar da ke aljihun yaron Kpébié ba ta da wannan birki. Ba ta rufewa da dare, ba ta rufewa ranar Juma'a, kuɗi kuma suna shiga ta MTN MoMo ko Moov Money ba tare da ya ji nauyinsu a hannu ba. A ganina wannan ya fi zauren jirgin haɗari nesa ba kusa ba.

Masu cacar ƙwallo sukan ce tasu daban ce, domin su sun san wasa, sun san wa ya ji rauni a Real Madrid, wa aka ba jan kati a Arsenal. Sanin ƙwallo gaskiya ne, amma kamfanin ma ya sani, kuma shi ke yanka farashi. Idan abu biyu suna da damar faruwa daidai wa daida, adalci shi ne a ninka maka kuɗinka sau 2. Kamfani sai ya ba da 1.90 a kowane gefe. Mutum biyu suka zuba jika-jika, ɗaya nan ɗaya can, an tara sefa 2,000, an biya wanda ya ci 1,900, kamfani ya soke 100 ko wa ya yi nasara.

Inda abin ya fi muni shi ne tikitin haɗe-haɗe, wanda matasa suka fi so saboda da sefa 200 ana nuna maka dubban ɗaruruwa. Kowane wasa ka ƙara, ladan kamfani yana hawa kan na baya. Wasa goma, kowanne da yankan kashi 5, ya zama an cinye kusan kashi 40 na darajar tikitinka tun ba a busa usur ba. Damar cin wasa goma masu rabi da rabi kuwa ɗaya ce cikin 1,024. Ko da kowane wasa kana da tabbacin kashi 70, damar su fito dukansu ba ta kai 3 cikin ɗari ba. Saboda haka kukan nan na "wasa ɗaya ne ya kashe mini tikiti" ba rashin sa'a ba ne. Haka aka gina abin, kuma wannan saura ƙiris ɗin shi ke dawo da mutum gobe.

Akwai wasu dabaru biyu da ke yawo. Ta farko, wai in abu ya daɗe bai fito ba to ya kusa. A gidan cacar Monte Karlo a 1913, baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta tula kuɗi a kan ja suna cewa yanzu kam dole, suka tafka asarar miliyoyi. Faifai ba ya tuna abin da ya wuce. Ta biyu, wai ka riƙa ninka kuɗi duk lokacin da aka cinye ka. Fara da sefa 500: in ka faɗi sau goma a jere ka zubar da 511,500, kuma sai ka nemo 512,000 ka aza don ka tsira da ribar 500 kacal.

A Benin caca tana kan doka, gwamnati ma tana da nata kamfanin, LNB, mai loto da cacar tseren dawaki. A Kano kuwa Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Malaman Djougou da na Parakou ba su da saɓani a kan hukuncinta, domin aya ta 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, suka kuma ambaci gaba da ƙiyayyar da take haifarwa. Sai dai rufe shago ba ya rufe waya, kuma wa'azi kan wuce ta saman kan yaron da ya yarda cewa shi sana'a yake yi ba caca ba. Irin wannan yaro lissafi yake buƙata a gabansa, da alƙalami da takarda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma alamunta sanannu ne: mutum ya kasa dainawa, ya fifita ta a kan aiki da iyali, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnarta. A gida ana fara gane ta ne daga rance ba dalili, da taɓa kuɗin balas na mai babur, da ɓoye waya. Uba ko yaya da ya ga haka, kafin faɗa, ya zaunar da yaron su buɗe saƙonnin asusun wayarsa na wata uku, su tara abin da ya tura wa kamfanin caca a gefe guda, abin da ya ciro a ɗaya gefen, shi da kansa ya yi ɗebewar.