Ruɓewar Haƙoran Yara Ƙanana da Abincin Yaye a Gomari

A ƙasashen Turai da Amurka akwai iyayen da suka zaɓi su reni 'ya'yansu a kan tsirrai zalla, babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu madara, wasunsu ma ba sa ɗora tukunya, saboda sun yi imani cewa wuta tana kashe amfanin abinci. Wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Giessen ta ƙasar Jamus, wanda aka wallafa a 1999, ya gano cewa manyan da ke rayuwa a kan ɗanyen abinci sun fi sauran mutane zaizayewar haƙora, saboda yawan 'ya'yan itace masu tsami da suke ci. A unguwar Gomari da ke Maiduguri ba a san wannan aƙida ba, amma tsadar rayuwa ta tilasta wa gidaje da yawa wani abu mai kama da ita, domin yaron da aka yaye yakan shafe makonni a kan kunu da tuwo da miyar kuka ba tare da ya ɗanɗani kifi ko nono ba. Rikicin da ya ɓarke a yankin tun 2009 ya gurgunta cinikin kifin Baga da kiwon shanu, ambaliyar da fashewar madatsar Alau ta jawo a watan Satumban 2024 kuma ta ƙara wa magidanta nauyi.

Haƙoran farko guda 20 ne, sukan fara tsirowa ne tun yaro yana da kimanin wata 6, su kammala fitowa kafin ya cika shekara 3, amma gininsu yana somawa ne tun yana cikin mahaifa. Farin ɓawon nan mai tauri da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, da sinadaran kalsiyam da fosfet ake gina shi, jiki kuwa ba ya iya tsotso kalsiyam daga hanji yadda ya kamata sai da taimakon bitamin D. Idan uwa mai ciki ko jariri ya rasa waɗannan, ko kuma tamowa ta kama shi, ɓawon yakan fito da sirantaka da ƙananan ramuka, kuma haƙori ba ya sake gina ɓawonsa bayan ya tsiro. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin kalsiyam, sannan suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet wanda ke riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana jiki amfana da shi, ko da yake jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, yana rage ƙarfin wannan sinadari.

Raunin ɓawo kaɗai ba ya kawo kogo, sai an sami sukari. A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta da ke manne wa haƙori, waɗanda suke cin sukari su fitar da ruwa mai tsami, wannan tsamin kuma shi ne ke narkar da ɓawon sannu a hankali, abin da jama'a suka saba danganta wa tsutsa. Yawu yana wanke tsamin, yana kuma mayar da wani ɓangare na sinadaran da suka narke, amma yana buƙatar lokaci tsakanin ci da ci. Saboda haka yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa illa, kuma yaron da ke tsotsar alewa da hantsi, ya sha shayi mai sukari da burodi, ya ci biskit da la'asar, sannan a kwantar da shi da fida cike da kunu mai zaƙi, bakinsa yakan wuni cikin tsami, ya kuma kwana a ciki, tun da yawu yana raguwa sosai lokacin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa yara kimanin miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran farko a duniya.

Babban abin da ke jinkirta neman magani shi ne tunanin cewa ai yaro zai yi famfara, sababbi su fito. Turamen farko kuwa ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12, kuma su ne ke riƙe wa haƙoran dindindin gurbi, idan an cire su da wuri sai na baya su fito a cunkushe. Yaron da haƙori ke yi wa ciwo yakan ƙi tauna, ya koma wa ruwa-ruwa mai zaƙi, ramarsa ta ƙaru, ciwon ma ya ƙaru. A inda tamowa ta haɗu da ƙazantar baki da ƙyanda ne ake samun cutar noma, wadda ke farawa daga gyambon dasashi ta cinye kunci cikin 'yan kwanaki, ta fi kuma kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a watan Disamban 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Rigakafin bai fi ƙarfin yawancin gidaje ba. Shawarar hukumar ita ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, a kuma riƙa ba shi wani abu daga dabba kowace rana. Ƙananan busassun kifaye da aka daka da ƙayarsu aka zuba a miya ko fate, ko ƙwai guda, ko ludayin kindirmo, suna cike giɓi mai yawa, wake da gyaɗa da riɗi da zogale kuma suna ƙara ƙarfi. Ya kamata a hana yaron da bai kai shekara 2 ba sukari da lemon kwalba, a koya masa sha da kofi, a kuma fara goge masa baki safe da dare tun fitowar haƙorin farko, da man goge baki mai sinadarin fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa. Yaron da ake jinyar tamowa da gyaɗar magani ta asibiti dole ne ya ci gaba da shanta duk da zaƙinta, sai dai a tsabtace masa baki.

Alamar farko ta ruɓewar haƙori ita ce wani farin zane kamar alli a gindin haƙoran gaba na sama, kusa da dasashi, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da ɓarnar kafin ta zama rami. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da sashen haƙori, amma yawancin iyayen Gomari sun fi saduwa da ma'aikatan ƙananan asibitoci a ranakun awo da rigakafi. Idan aka horar da waɗannan ma'aikata su riƙa ɗaga leɓen kowane yaro su duba, su kuma tambayi uwa abin da yake ci, za a tari ruɓewar haƙori da tamowa a zama ɗaya, tun da tushensu guda ne.