Takardar Haihuwa, Uwar Takardun Tafiya: Darasin Wani Wasan Waya ga Ƴan Bidar Adar

Cikin wasannin da yaranmu ke danne-danne a waya akwai wani da ya kamata duk mai shirin tafiya bida, wato ci-rani, ya san da shi. A wannan wasa kujera ake ba ka a wani ɗan ɗaki a bakin iyaka, da hatimi biyu, kore da ja, ga kuma dogon layin matafiya suna jiran ka kira su. Sunansa Papers, Please. Wani Ba'amurke mai suna Lucas Pope ya ƙirƙiro shi, ya fito a 2013, ya sauka a wayoyin hannu a 2022. Ni malamin makaranta ne a ƙasar Keita, kuma wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jami'ar Tawa ne ya nuna mini shi, don ya san rabin wahalar aikina a kan takardun yara take ƙarewa.

Ƙasar da ke cikin wasan, Arstotzka, ƙirƙirarriya ce, babu ta a taswira. An ce ta gama yaƙin shekara 6 da maƙwabciyarta Kolechia, sai aka buɗe iyaka a garin Grestin a ƙarshen 1982. Ranar farko doka mai sauƙi ce: ɗan ƙasa ya wuce, baƙo ya koma. Kashegari a ce baƙo ma ya shiga in yana da fasfo mai kyau. Daga nan a ƙaro tikitin shiga, a soke shi a kawo takardar izini, a ƙaro ta aiki, a ƙaro wata mai ɗauke da tsayin mutum da nauyinsa, can gaba kuma a nemi shaidar rigakafi. Kusan kullum da safe da sabon umarni. Aikinka ka haɗa takardun ka duba: hoton nan shi ne mai tsaye a gabanka? Sunan da ke fasfo ya dace da na takardar izini harafi da harafi? Lamba ɗaya ce? Wa'adi bai ƙare ba? Garin da aka ce ya ba da fasfon yana da ikon bayarwa?

Kowane mutum da ka sallama daidai ana biyan ka 5 na kuɗin ƙasar. Kuskure biyu a yini gargaɗi ne, na uku tara. Da yamma sai lissafin gida: haya, abinci, ɗumama ɗaki, maganin yaro. A nan wasan ke kama zuciya. Miji ya wuce da cikakkun takardu, ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da ke bayansa, ita kuma tata ba ta cika ba. Akwai kuma wani tsoho mai fara'a, Jorji, da ya fara zuwa hannu rabbana, aka kore shi, ya dawo da fasfon da ya zana da hannunsa na wata ƙasa da babu ita.

Ɗalibin nawa dariya yake yi wa tsohon. Ni kuwa na san irinsa da yawa a tashar Madawa.

Adar ƙasar tafiya ce. Da an kai hatsi rumbu, samari da magidanta na Buza, Tama, Garhanga, Ibohamane da Tamaske sai su ɗaura kaya: wasu Kano da Legas, wasu Abijan, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya. Ko lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun aikin, saboda maza suna bida. A ƙasar Madawa kuma ga masu albasa da ke bin manyan motoci har bakin teku. Duk waɗannan sai sun tsaya a gaban wani mai kaki.

Kakanninmu ma suna da shaidarsu, sai dai a fuska take. Bagobirin Madawa in ya sauka a zango, zubensa ya riga bakinsa faɗin asalinsa, Bazabarme kuma ya fara tsokanarsa tun bai ajiye kaya ba. Fatake masu zuwa Gwanja neman goro madugu ne ke magana da yawunsu, shi ke biyan kuɗin fito da na hanya, mai masauki kuma ya tsaya wa baƙonsa. Tambayar ita ce: ɗan gidan wa ne, wa ya san shi? Da Faransa da Ingila suka ja layi tsakaninsu, aka kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908, sai ɗan Bangi ya wayi gari dangin uwarsa na Sabon Birni suna wata ƙasa. Tun daga nan tambaya ta koma: ina takardarka?

Takardun nan kamar tubalan katanga suke, kowane a kan na ƙasa yake zaune. Na can ƙasa shi ne takardar haihuwa. Dokar da Nijar ta yi a 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, ko a likita, ko wurin mai rajista na ƙauye, ko a ma'aikatar magajin gari, kuma bayyanawar kyauta ce. In wa'adin ya wuce, magana ta koma gaban alƙali, a kawo shaidu, ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Shi ya sa lokaci lokaci alƙalai ke fita ƙauyuka su zauna a fili su yi wa jama'a da yawa a zama ɗaya. Da takardar haihuwa ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa a kotu, da katin ɗan ƙasa a wurin ƴan sanda, sannan fasfo. Ga kuma katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, da ake tambaya a iyakoki da yawa. Wanda ya daɗe a ƙasar waje yakan ƙara da katin ofishin jakadanci.

Abin da mai wasan ke farauta, wato saɓani tsakanin takarda da takarda, shi ne ciwon da ya fi damun mu a aji. Yaro ɗaya a gida Mamman ne, a rajistar makaranta an rubuta Mahamadou, a hukuncin alƙali Mamane, in ya je Kano aka yi masa wata takarda ya zama Muhammadu. Uban kuma nan Boubacar, can Aboubacar, gaba Abubakar. A gari kowa ya san mutum ɗaya ne. Mai duba takarda kuwa mutum uku yake gani. Haka zancen shekaru: dattawanmu da yawa takardarsu cewa take an haife su wajen shekara kaza, shi ya sa za ka ga rabin ƙauye ranar haihuwarsu 1 ga Janairu. Wani uban kuma ya rage wa ɗansa shekara biyu don a karɓe shi makaranta, ya manta katin likita na nan da ainihin ranar. Ba a ganin illar sai an zo haɗa takardun jarrabawar BEPC, ko yaro ya girma yana neman fasfon aikin Hajji. Na ga yarinya mai ƙoƙari da ta kusa rasa jarrabawa saboda harafi ɗaya a sunan mahaifinta, uban kuma yana Abijan, sai da kawunta ya bar gonar albasa ya yi ta zirga-zirga kafin a gyara.

Sauyin doka dare ɗaya ma ba a wasa kaɗai yake ba. A 1979 ƙasashen CEDEAO, wadda ƴan Najeriya ke kira ECOWAS, suka amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga wata ba biza ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da ta lafiya. Duk da haka a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama, ƴan Nijar da yawa na ciki. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, har yau tsofaffinmu da sunansa suke kiran yunwar wannan shekara. Kodebuwa ta kafa katin zaman baƙi a 1990, ƴan bidarmu suka yi ta ɓuya daga masu kame, sai a 2007 aka ɗauke shi ga ƴan CEDEAO. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga CEDEAO, ƙawancensu na AES ya fito da nasa fasfo, ita kuma CEDEAO ta sanar a lokacin cewa za ta ci gaba da karɓar takardun da ke ɗauke da tambarinta har sai an ji wani sabon bayani. Mai tafiya daga Adar ba shi ya yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma a kansa suke sauka. Kuma duk sanda doka ta juya, mai cikakkun takardu ne ke da bakin magana.

Akwai inda wasan da rayuwa suka raba hanya. A wasan, jami'i ne ke biyan tara in ya yi kuskure. A hanyoyinmu kuwa kowa ya san yadda ake yi: mota ta tsaya a shinge, yaron mota ya tattara katuna, a ce marasa kati su sauko. Su bi mai kaki bayan rumfa, su dawo aljihu ya ragu, sauran fasinjoji na ta tsaki saboda rana na yi. Daga Madawa zuwa Abijan shingaye nawa ne? Abin da marar kati ke zubarwa a tafiya ɗaya ya isa ya yi masa katin, har da canji. Wani ma mai katin ba ya tsira daga kuɗin goro, amma shi yana iya tsayawa ya ce a nuna masa laifinsa. Sannan a wasa in ka ɓata yini kana iya komawa ka sake shi. Wanda aka tsare a ƙasar da ba a jin Hausa, ko ya rasu a can babu abin da ke nuna garinsu, ba shi da wannan dama. Mutanen da rikicin ƴan bindiga ya koro daga jihar Sakkwato zuwa Bangi a ƴan shekarun nan, farkon abin da aka yi musu bayan ba su masauki shi ne rubuta sunayensu, domin taimako ma sai da rajista yake isa ga mutum.

Don haka ga roƙona ga iyaye, musamman ku da ke shirin tafiya bana kuna barin mata da juna biyu. Tun ran gini ran zane. Ku bar wa wani amintacce sallahu, ranar suna in an yanka rago a kai sunan jariri wurin rajista kafin kwana 60 su cika. Ku zaɓi rubutun suna guda ɗaya, na yaro da na uba da na uwa, ku sa mai karatu ya duba kafin a buga hatimi, kada kuma a sake canza shi. Ku ajiye takardar ta asali a gida cikin leda inda gara da ruwa ba su kai, ku ɗauki hotonta a waya. Wanda ya riga ya girma ba takarda, ya saurari sanarwar zuwan alƙalai ƙauye, ya tafi da shaidunsa. Mai kati kuma ya duba ranar ƙarewarsa tun yana gida, kafin ya biya kuɗin mota.