Musu Kan Fentin Taragon da Bai Kai Tafin Hannu Ba

A Ingila akwai magidanta, wasunsu har da jikoki, waɗanda ke zuba kuɗi da lokaci kan ƙananan jiragen ƙasa masu gudu bisa layin dogon da aka shimfiɗa a kan tebur. Wanda bai sani ba sai ya ce wasan yara ne. Su kuwa a ganinsu tarihi suke sake ginawa, inda kowane milimita 4 ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya ta jirgin gaske. Kamfanoni irin su Hornby da Bachmann da Dapol ke ƙera musu kayan. Kada ka zaci kan jirgi kaɗai ake yi wa bin ƙwaƙƙwafi. Ko taragon kwal ne ya fito kasuwa, sai an ɗora masa gilashin ƙara girma, an gwada shi da tsohon hoto.

Suna da hujja. Fentin taragon kaya saƙo ne ga ma'aikaci. Bayan gwamnati ta karɓe jiragen ƙasar a 1948 ta kafa British Railways, sai aka raba taragu gida biyu. Wanda ba shi da birki sai na hannu, ana shafa masa ruwan toka. Wanda ke da birkin da direba zai iya kamawa daga kan jirgi, ana shafa masa ja mai duhu, launin jar ƙasa. Mai haɗa taragu a tasha, ko daga nesa ya hango, ya san wanne ne zai liƙa kusa da kan jirgi don bututun birki ya haɗu. Jirgin da duk taragunsa masu ruwan toka ne, tafiyar hawainiya yake yi, wajen mil 25 a awa, kuma kafin ya shiga gangara mai tsanani sai ya tsaya an bi taragu ana danne birki da hannu. Saboda haka idan kamfani ya shafa jan fenti a kan ƙaramin taragon da babu kayan birki a ƙarƙashinsa, ya yi ƙarya game da yadda jirgin ke aiki.

Haka farin layin nan da ake ja a karkace jikin taragon ƙarfe mai ɗaukar tan 16, wanda aka ƙera irinsa fiye da 200,000. Gefen da layin ya yi sama, can ƙofar juye kwal take. A juya shi baibai, masu abin za su gani nan take.

Inda aikin ya fi wuya shi ne taragun 'yan kasuwa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, masu mahaƙar kwal da dillalansa suna da taragunsu na kansu, dubban ɗaruruwa, akasari na katako. Kowa na rubuta sunansa da garinsa da manyan baƙaƙe masu inuwa, kamar dai yadda masu manyan motocinmu ke ƙawata bodi da rubutu. Masu ƙera na tebur sun daɗe suna cin kasuwa da wannan ado, amma ta gajeriyar hanya: zubin roba ɗaya, sunaye barkatai. Sai ka ga sunan dillalin da taragonsa mai katako biyar ne an buga shi kan mai katako bakwai, ko an ɗora shi kan gindin ƙarfe mai tazarar ƙafa 10 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, alhali ƙa'idar 1923 ta taragon kwal ƙafa 9 ce. Sunan gaskiya ne, lambar ma gaskiya ce, taragon ne aro.

To wane ne ma ya san ainihin launin? Hotunan zamanin baƙi da fari ne, kuma fim ɗin da aka fi amfani da shi a lokacin yana mayar da ja kamar baƙi. Abin da ya ceci masu bincike shi ne al'adar kamfanin ƙera taragu na garin Gulosta, wanda kan ɗauki hoton sabon tarago tare da allo a gabansa, an rubuta girmansa da launinsa. Sai dai allon zai ce ja ne kawai. Wane irin ja? Musun bai ƙare ba har yau.

Akwai abin dariya a cikin lamarin. Yawancin masu wannan tsanani suna gudanar da taragunsu kan layi mai faɗin milimita 16.5, alhali lissafi ya nuna 18.83 ya kamata. An gaji wannan tun zamanin da injin lantarki bai ƙanƙance yadda zai shiga cikin ƙaramin kan jirgin Ingila ba, sai aka ƙara wa jiki girma aka bar layin yadda yake. Kaɗan ne suka ƙi yarda, suna sauya ƙafafu suna shimfiɗa layinsu da hannu. Sauran sun kau da kai. A nawa ganin ba munafunci ba ne: ido ba ya kama milimita biyu a ƙarƙashin tarago, amma yana karanta rubutu.

Sannan ga batun dauɗa. A 1939 gwamnati ta tattara taragun 'yan kasuwa don aikin yaƙi, ba su kuma koma hannun masu su ba. Babu mai sabunta musu fenti. Katako ya ruɓe, a sa sabo ba shafe, sai sunan dillali ya zama da giɓi a tsakiya. Daga baya aka yi musu sabuwar lamba mai farawa da P a kan ɗan baƙin faci. Wanda ke kwaikwayon shekarun 1950, in ya jera taragu masu sheƙi da cikakken suna, ya kauce ko da kowane harafi daidai ne. Shi ya sa gwanaye kan sayi tarago mai tsada, su kankare rabin rubutun, su bi shi da garin launi na tsatsa da ƙurar kwal, su ƙara ɗan rubutun alli irin na ma'aikatan tasha. Kamfanoni ma yanzu suna sayar da wanda aka riga aka yi wa dauɗa daga masana'anta, da ɗan ƙarin kuɗi. Matsalarsa ɗaya: in ka sayi goma, lambarsu ɗaya, dauɗar ma kusan iri ɗaya, don haka dole ka zauna ka sauya lambar tara daga ciki.