Kafin a haƙa harsashi: yadda ake takarar kwangilar gwamnati

In kwalbati ta rufta a unguwar Yelwa ta Mubi bayan damina ɗaya, ko bangon ajin firamare ya tsage fentinsa bai ko koɗe ba, magini ake fara tsine wa, sai mai sayar da siminti. Amma galibi ɓarnar ta girmi ginin. An yi ta ne tun ranar da aka zauna a ofis aka yanke wa za a ba aikin, da nawa za a biya shi. Wanda ya sayi kwangila da rabin kuɗinta, da sauran rabin zai yi aiki, kuma a jikin rodi da siminti zai fanshe. Don haka mai son aiki nagari a unguwarsu, ranar buɗe takardun tayi ta fi masa muhimmanci a kan ranar yanka ƙyalle.

Doka ba ta bar abin sakaka ba. Binciken da Bankin Duniya ya yi a farkon mulkin Obasanjo ya nuna cewa kusan kobo 60 a cikin kowace Naira da gwamnati ke kashewa wajen saye-saye na zurarewa ta ɓarauniyar hanya. Wannan ya sa aka kafa ofishin bin ƙa'ida a 2001, sannan a watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayen Kaya da Ba da Kwangila, wadda ta haifi hukumar BPP. Duk wata ma'aikatar tarayya, har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi, tana ƙarƙashin wannan doka, Jihar Adamawa kuma na da tata dokar da tata hukumar a Yola. Tsarin bai da wuyar ganewa. Dole aikin ya kasance cikin kasafin kuɗi. Sai a tallata shi a aƙalla jaridun ƙasa biyu da allon sanarwar ma'aikatar, a bayyana abin da ake so da sharuɗɗansa, a ba da makonni. Kowane kamfani ya rubuta farashinsa, ya liƙe ambulan, ya jefa a akwati mai kulle. Da wa'adi ya cika sai a buɗe a bainar jama'a, a karanta sunan kowa da kuɗinsa da ƙarfi, a gaban 'yan takarar da masu sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ta farar hula. Wanda ya cika duk sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi, shi ke da aiki. A kasuwar shanu ta Mubi ba mai sallama dabbarsa a tayin farko, sai ya ji na biyu da na uku. Abin da doka ke nema ke nan daga jami'in da ke riƙe da kuɗin jama'a, tunda ba daga aljihunsa suke fita ba.

Masu zagaye dokar ma sun san ta ciki da bai. Akwai mai kawo kamfanoni uku, duk nasa, ɗaya da sunan matarsa ɗaya da na ƙaninsa, su yi takara da juna. Akwai mai daddatsa babban aiki gida-gida, don kowane yanki ya faɗo ƙasa da adadin da ke wajabta talla. Wani kuwa sharuɗɗan zai ɗinka daidai jikin yaronsa, ko ya tsegunta masa farashin abokan takara. Sashe na 58 na dokar tarayya ya kira waɗannan laifi: ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, jami'i a kore shi daga aiki, kamfani a hana shi kwangila na aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Hukuncin da nauyi a takarda, sai dai ba ya tashi da kansa in ba wanda ya gani ya yi magana.

Za a ce wannan hanya na da jan ƙafa, kuma Mubi, garin da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen Oktoban 2014, ya san abin da ake kira gaggawa. Gaskiya ne, shi ya sa dokar ta yarda a yi saye kai tsaye in bala'i ya afka, da sharaɗin a kai wa BPP cikakken rahoto daga baya. Amma rufin ajin da ya shekara biyar yana yoyo ba gaggawa ba ce, sakaci ne aka sa wa rigar gaggawa don a tsallake talla. Za a kuma ce araha ba ta ado, mai ƙaramin farashi aikin banza zai yi. Wannan ya manta cewa sai an tace waɗanda suka cancanta, an duba kayan aikinsu da ayyukan da suka taɓa yi, kafin a waiwayi farashi. In aiki ya lalace bayan haka, a tambayi injiniyan da ya sa hannu cewa an kammala.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na ƙananan 'yan kwangilar gida: rajistar kamfani a CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar hukumar fansho da sauransu, duk sun fi sauƙi ga mai ofis a Abuja. Wannan kuka na da tushe. Sai dai in aka ture takara, ba kafintan Yelwa ko na Lokuwa ne zai samu ba, ɗan gidan mai mulki ne. Takardu ana iya haɗa su a hankali, mutum biyu ko uku na iya haɗa jari su yi kamfani ɗaya, amma uwa a gindin murhu ba a yi mata rajista.

Abin da ya rage shi ne amfani da ƙofofin da ke buɗe. Ɗan takarar da ya ga an yi masa ƙwange yana da kwanakin aiki 15 ya kai ƙara a rubuce ga shugaban ma'aikatar, in bai gamsu ba ya wuce BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Wanda ba ɗan kwangila ba kuma, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi damar rubuta wa ma'aikata ya nemi sunan kamfani, kuɗin aiki, jaridar da aka yi talla da jerin waɗanda suka yi tayi, a ba shi amsa cikin kwana 7. Ƙungiyar ci gaban unguwa ko kwamitin iyayen yara sun fi mutum ɗaya nauyi a irin wannan wasiƙa. In an yi shiru, ko amsar ta zo da warin kamfanonin gida ɗaya, hukumar ICPC tana bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma tana karɓar koke a rubuce. A haɗa da hoton allon aikin, da ranar da aka miƙa wasiƙar, da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.